Tun da Aka Sabunta Kwamfutar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da mutanen jirginku da wannan teku da ta hana mu ganinka. Na san wasiƙar nan za ta yi ta zaman jira har sai kun matso kusa da tudu kun samu sabis, don haka zan juye maka komai a lokaci guda, ka karanta da haƙuri.

Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Baba yana cin abinci, yana barci, kumburin ƙafar ma ya sace. Kan ne dai yake ƙara nisa. Yanzu "baiwar Allah" yake kira na. Jiya ya tambaye ni ko a unguwar nan nake, na ce eh, ina kusa. Ya ce to in gaishe da mutanen gidanmu. Na ce za su ji.

Abu ɗaya ne bai canja ba. Da yamma, idan rana ta sauka daga tagar ɗakinsa, zai sa hularsa, ya ja kujera gaban kwamfuta, ya ɗora hannuwa a gwiwa ya jira. Ba ya taɓa komai. Ya san idan aka ƙyale ta ta huta, hotunan da ka saka za su fara fitowa da kansu. Da Inna ta bayyana, wannan da take tsaye a bakin ƙofa da mayafinta mai ruwan ƙasa, sai ya ce, "Kin dawo?" Daga nan hira ta ɓarke. Ya gaya mata famfo ya ɗauke, ya kai ƙararka cewa ba ka zuwa gaishe shi. Bai san ta rasu ba, Yaya, ni kuma na daina gaya masa, don duk lokacin da na faɗa sai ya yi kuka kamar yau aka yi. Idan hotunan sun zagayo sun ƙare, sai ya tashi ya ci abinci ya kwanta cikin natsuwa. Da wannan hirar muke rayuwa a gidan nan.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ofishin da nake buga wa takardu daga gida sun ce manhajarsu za ta daina buɗewa a tsohon tsarin kwamfuta, dole kowa ya sabunta. Ita ma kwamfutar ta dame ni, kullum sai ta fito da wani akwati tana cewa babbar sabuntawa tana jira, kamar an aiko ta. Ka san ni, a gudun yatsu ko kusa ba ka kama ƙafata, amma abin da ke cikin cikinta ban san shi ba. Kai ne injiniyan gidan. Ka rubuto min yadda zan yi, dalla-dalla, kamar kana koya wa ƙaramar yarinya. Kuma ka gaya min gaskiya, abin nan zai taɓa hotunan?

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai dai na yi baƙi har ba za ki gane ni ba. Mai dafa mana abinci ya rantse sai ya kashe mu da gishiri, kamar bai ga muna yawo a kansa ba. Maganar Baba ta tsaya min a rai. Allah ya saka miki, ni daga nan ba abin da nake iyawa sai addu'a.

Sabuntawa ba abin tsoro ba ce, a jirgin nan ni nake yi wa kowa. Ba ta taɓa kayan mutum, gidan kawai take canjawa, ta bar kayan ɗaki a inda suke. Amma don kwanciyar hankali, ki samu filas, ɗan abin nan na ajiyar bayanai, ki kwafe foldar takardu da foldar hotuna tukuna. Ki jona caja, ki zare wayar firinta da duk wani abin da ke maƙale a jikinta. Ki fara da safe, don ta gama kafin lokacin Baba. Za ta kashe kanta ta kunna sau da yawa, fuskarta za ta yi baƙi, za ki ga kamar ta mutu. Ba ta mutu ba. Ko da wasa kada ki danna mata makunni, na san halinki na rashin haƙuri tun muna yara.

Ki gaya wa Baba ina gaishe shi, ko da bai san wane ne ni ba.

Yayanki

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya, kuma ban danna makunni ba, ka daina min sharri. Ta yi ta tafiya har ta wuce rabi, sai ta tsaya cak. Wasu ɗigo-ɗigo suna ta zagaye a tsakiyar fuskarta, ba ci gaba ba ci baya. Ina zaune ina kallo Baba ya shigo ya tsaya a kaina, ya daɗe yana duban ɗigon nan, sai ya ce, "Wa take nema?"

Can sai ta rubuto wai ba ta samu isasshen wuri ba, tana mayar da komai yadda yake. Ta dawo kafin yamma, Inna ta fito, an yi hira. Amma ofis sun sa ni gaba. Yaya zan yi da maganar wurin nan?

Auta

Yaya,

Na ji ka shiru, na san kun yi nisa. Da fatan lafiya. Ni kam ban san ta inda zan fara ba.

Ofis suka ce ko in sabunta ko su ba wa wata aikin. Sai na yi ta maza, na kwashe tsofaffin ayyukana na zuba a filas na goge su daga kwamfutar, na sake gwadawa. Wannan karon ta shiga. Da ta buɗe sai na ga kamar na shiga gidan wasu. Maɓallin da ke gefe ya koma tsakiya, launi ya canja, firinta ta ce ba ta san mu ba, kyamara ma ta ƙi buɗewa. Duk wannan da sauƙi, manhajar ofis dai tana aiki.

Da yamma Baba ya sa hula ya zauna. Ya jira. Ni ma ina bakin ƙofa ina jira tare da shi. Hasken ya ragu kamar yadda ya saba, amma maimakon Inna ta fito, sai fuskar ta mutu, ta yi baƙi ƙirin. Ka san gilashinta da sheƙi. Sai ga Baba yana kallon kansa a ciki. Ya matsa kusa, tsohon da ke ciki ya matso. Ya juyo ya ce min, murya ƙasa-ƙasa, "Baiwar Allah, wane ne wannan? Me ya kawo shi wurin matata?"

Na ce masa inuwa ce, bai ji ni ba. Ranar ko ruwa bai sha ba. Washegari ina shanya ya buɗe ƙofa ya fice. Mai shagon bakin titi ne ya riƙo hannunsa ya dawo da shi, ya ce ya same shi a mararraba yana tsayar da mutane yana tambaya ko sun ga wata mata mai mayafi ruwan ƙasa. Takalmi ɗaya ne a ƙafarsa. Yanzu kulle gidan nake yi, makullin yana wuyana.

Na shiga wurin da ake zaɓar hotunan hutu, ya ce babu komai. Na buɗe filas, foldar hotunan da na kwafa babu Inna a ciki, sai takardun asibiti da hoton katin shaidarka. Ka san kundin hotunan na takarda ruwa ya cinye shi tun shekarar da rufi ya yi yoyo. Yaya, ina ka ajiye su? Ka amsa min don Allah, hankalina a tashe yake.

Auta

Auta,

A tsaye nake rubuto miki, muna shirin tashi kuma sabis yana ta yankewa. Lafiyata ƙalau. Na ga saƙonki. Kada ki tayar da hankalinki, matsalar nan kowa yana cin karo da ita, kuma maganinta a hannunki yake. Ki shiga saituna, ki nemi wurin share ma'aji. Zai jero miki abubuwa da akwatuna a gefensu. Ki zaɓe su duka, har da na tsarin kwamfutar, ki ce ya goge. Zai yi miki gargaɗi, haka yake yi wa kowa, ki ce eh kawai. Da kin yi haka komai zai tafi daidai.

Sai mun sake tsayawa.

Yayanki

Yaya,

Na samu amsarka, gajera kamar wadda ake ba baƙo a bakin ƙofa, amma na gode. Jikin Baba sai addu'a.

Na yi yadda ka ce. A cikin jerin akwai wani abu mai girman gaske da ta kira tsohon tsari. Da na zaɓe shi ta ce idan na goge ba zan iya komawa baya ba har abada. Hannuna ya tsaya a kan madannai. Sai na sake karanta wasiƙarka, ka ce zai yi gargaɗi, in ce eh. Na ce eh. Ta ɗauki lokaci tana gogewa. Na kashe na kunna, na ƙyale ta ta huta, na zauna ina jira kamar Baba. Baƙin gilashin nan ne dai ya sake fitowa, sai fuskata a ciki.

Ban gane yadda gogewa za ta dawo da abu ba, amma na ce kai ka sani. To yanzu sai me?

Baba ya sa na lulluɓe kwamfutar da zane, wai mutumin yana kallonsa ko ya juya baya. Madubin banɗaki ma na cire, don na tarar da shi yana yi masa faɗa. Amma duk da haka yamma tana yi zai sa hula ya zauna gaban zanen. Ba ya ɗagawa. Shekaranjiya na ji yana cewa, "Idan laifi na yi miki, ki faɗa min mana." Na koma kicin na toshe bakina. Abincinsa yanzu loma biyu ne da lallashi, wandonsa har ya fara zamewa. Likita ya zo ya canja magani, ya ce a nema masa abin da ya saba da shi. Na ce masa abin da ya saba da shi muke nema.

Auta

Auta,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu muka shigo tasha, wasiƙunki biyu suka faɗo min a tare. Na karanta su a zaune a kan matakala.

Ki saurare ni da kyau. Wancan gajeren saƙon amsar maganar ƙarancin wuri ne. Lokacin da na rubuta shi ban san kin riga kin sabunta ba, ban san hotunan sun ɓace ba. Ya kwana a hanya ya iso miki bayan komai ya canja, ke kuma kika ɗauka amsar kukanki ce. Kowa ma haka zai ɗauka.

Hotunan ba sa cikin foldar hotuna, na manta shaf da hakan lokacin da na ce ki kwafe ta. A cikin foldar tsarin kwamfutar kanta na ɓoye su, wurin da take ajiye nata hotunan na ado, don kada yatsan Baba ya goge su bisa kuskure. Idan aka yi babbar sabuntawa, sai ta tattara tsohon tsari gaba ɗaya ta ƙulle shi wuri guda, ko da mutum zai so komawa. Inna tana cikin wannan ƙullin. Shi ne abu mai girman da kika goge.

Daga yanzu kada ki ajiye komai a kwamfutar, ko takarda ɗaya, don sabon abu yana hawa kan gurbin tsoho ne. Ki kai ta wurin mai gyara na bakin kasuwa, ki ce ya gwada manhajar tono abin da aka goge. Ban yi miki alkawari ba. Ina da kwafinsu a wani faifai a cikin akwatina, amma akwatin yana ɗakin da nake haya a garin da muka taso, a kulle, kuma jirgin nan ba zai koma can ba sai bayan watanni. Na je wurin kyaftin na roƙe shi ya sallame ni, ya ce babu wanda zai riƙe injinan. Ban taɓa jin tekun nan ta yi min faɗi kamar yau ba.

Idan kin karɓo ta, ki gyara kyamarar. Ki shiga saituna, ɓangaren sirri, za ki ga sabuntawar ta kashe izinin kyamara, ki kunna shi. Sai ki buɗe ta ki ga ko tana nuna ki. Idan mun isa tasha ta gaba zan kira, wataƙila idan ya ga fuska tana motsi a ciki zai daina tsoron gilashin. Ki ci abinci ke ma, na san ba kya ci.

Yayanki

Yayana,

Assalamu alaikum. Da fatan ka samu natsuwa. Kada ka ɗora wa kanka, ban riƙe ka ba. Na daɗe ban rubuto ba don ban san yadda zan faɗa maka abin da ke faruwa ba. Baba yana cin abinci. Bari in fara da wannan don hankalinka ya kwanta.

Mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa. Na riga na buga ayyukan ofis da yawa kafin wasiƙarka ta zo, don haka abin da ya tono gutsattsari ne. Wani hoton rabinsa toka, wani layi-layi. Na bakin ƙofar nan ya fito, amma daga kafaɗa zuwa sama babu komai, sai hannunta riƙe da ƙyaure da gefen mayafi. Ban nuna wa Baba ba.

Ranar da na karɓo ta ruwa ya dake ni a hanya. Na shigo a jiƙe, na cire mayafina, na buɗe durowa na jawo wanda hannuna ya fara taɓawa na yafa. Ban ko duba ba. Na ajiye kwamfutar a teburin Baba, na bi bayaninka, na kunna izinin, na buɗe kyamara. Ta kawo. Ga ni a ciki, da mayafin Inna mai ruwan ƙasa. Ka san mutane sun sha cewa ina kama da ita, ni ban taɓa gani ba sai ranar.

Ban ji shigowarsa ba. Daga gefena kawai na ji an ce, "Kin dawo?"

Yana tsaye da hularsa, idonsa a kan gilashin, ko kallon inda nake bai yi ba. Na so in ce Baba ni ce, bakina ya ƙi. Ya sake tambaya. Sai na ji na ce, "Na dawo." Ya lalubi kujera ya zauna, ya ce, "Kin daɗe. Wani mutum ya zo ya tare wurinki, na ce masa ba zan tashi ba." Ya yi dariya, Yaya. Ranar ya cinye abincinsa tas har ya nemi ƙari.

Tun daga nan haka muke yi. Yamma tana yi zan buɗe kyamara, in kawar da kujerarsa gefe kaɗan don kada tsohon nan ya shigo ciki, in yafa mayafin in tsaya a bakin ƙofa inda take kama ni. Shi yana kallon gaba, ni ina bayansa. Ya yi magana in amsa. Da can hotuna ba sa amsa masa, yanzu har musu muke yi a kan famfo. Sau ɗaya ya waiwayo ya gan ni a tsaye, ya ɓata rai ya ce, "Baiwar Allah, ki ɗan ba mu wuri mana, magana muke yi." Na rasa yadda zan yi, don idan na fita ita ma ta fita. Na ce ya yi haƙuri, yanzu zan tafi. Ya juya ga gilashin ya ce mata yaran yanzu ba su da ta ido.

Ban sani ba ko daidai nake yi. Wani lokaci ina cikin amsawa sai in ji kalmar da ba tawa ba ta fito daga bakina, irin "to madalla" ɗin nan nata mai ja. In ɗaga ido in ga matar da ke cikin gilashin tana kallona, sai in kasa tuna ko ni na fara murmushin. Idan na cire mayafin nakan daɗe a kicin kafin in ji na dawo jikina. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Amma ya daina neman ƙofa, na cire makullin daga wuyana.

Ka kawo faifan idan ka dawo, ina son ganin Inna da idona. Ban dai san ko shi zai yarda da hotunan ba yanzu. Kuma idan za ka kira, kada ka kira da yamma.

Jiya muna cikin hira sai ya matso kusa da gilashin. Ya ce, "Wai ina Auta ne? Na daɗe ban ga yarinyar nan ba. Ko ta yi fushi da ni ne?" Shekara ta kusa zagayowa rabon da in ji sunana a bakinsa. Ina tsaye a bayansa, da na miƙa hannu da na taɓa kafaɗarsa. Na riƙe ƙyauren da kyau, na ce masa tana nan lafiya, ba ta yi fushi ba, kullum tana tambayarsa. Ya ce, "To ki ce mata ta zo. Ki ce mata ina kewarta."

Na ce masa zan gaya mata.

Ƙanwarka,
Auta